Maraɗi: Me ya sa kilim ɗin mota ke sake mutuwa kwana kaɗan bayan gyara?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke kaiwa digiri 40 ko fiye a birnin Maraɗi, masu gyaran na'urar sanyaya mota ba sa samun sukuni. Na'urar, wadda 'yan Nijar ke kira kilim, a Najeriya kuma ake ce mata iyakwandishan, ita ce abu na farko da mai mota ke tunawa da shi idan rana ta take.

Sai dai akwai ƙorafin da ke yawan biyo bayan gyaran. Mutum zai biya kuɗin gas da na aiki, ya bar gareji mota na sanyi kamar firji, amma kafin mako ya zagayo iska mai ɗumi ta dawo. Wani ma ba ya kai haka: daga tsakiyar gari zuwa Jiratawa ko Tibiri, sanyin ya ɗauke.

Daga nan sai a shiga zargin juna. Mai mota ya ce an yi masa gyaran gangar Auzinawa, mai gyara ya ce motar ce ta tsufa. A mafi yawan lokuta ana iya gano inda gaskiyar take, domin kowace matsala tana da alamarta.

Abin ya wuce jin daɗi

A wannan yanki sanyin mota ya shafi lafiya da abin nema. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 600 ce. Direban da ke ɗauko majiyyaci daga Jiratawa, a gundumar Madarunfa, ko daga Tibirin Gobir zuwa asibiti a cikin birni da tsakar rana, ya san bambancin mota mai sanyi da marar sanyi. Haka ma mai motar haya, wanda fasinja ke duba lafiyar kilim ɗinsa kafin ya biya.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A farkon Afrilun 2024, lokacin da tsananin zafi ya mamaye yankin Sahel, an auna digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun ce da ba don sauyin yanayi da ɗan Adam ya haddasa ba, da zafin bai kai haka ba.

Ga kuma yanayin motocin da kansu. Yawancin waɗanda ke kan titunan Maraɗi na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Mota irin wannan takan iso da tiyo da robobin da suka shekara goma ko ashirin suna aiki.

Hanyar shigowar kaya ma ta sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. An ɗage shi a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kaya da yawa suka koma biyowa ta tashar Lome su ratso Burkina Faso. Doguwar hanya tana ƙara wa kaya kuɗi, don haka gyaran da aka yi sau biyu yanzu ya fi ciwo a aljihu.

Yadda na'urar ke aiki

Kilim ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin cikin mota yake kwashewa ya zubar a waje, ta hanyar gas da ke zagayawa a rufaffen tiyo.

Kwamfuresa, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas ɗin har ya yi zafi sosai. Daga nan gas ya shiga kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke gabansa, inda iskar hanya da fanka ke huce shi ya zama ruwa. Ruwan ya ratsa kwalbar da ke tace datti da shanye danshi, sannan ya bi ta wani ɗan ƙaramin bawul mai tsukakkiyar ƙofa. Da ya fita ƙofar sai matsinsa ya faɗi, ya yi sanyi ƙarara, ya shiga ebaforeta da ke ɓoye a bayan dashbod. Fankar ciki na hura iska ta kansa zuwa ga fasinja, gas kuma ya koma kwamfuresa a sake zagaye.

Abin lura a nan shi ne gas ɗin ba ya ƙonewa kamar fetur. Idan ya ragu sosai, to akwai inda yake tsiyaya. Duk wanda aka ƙara masa gas ba tare da an nemo ɓular ba, ya sayi sanyin 'yan kwanaki ne kawai.

Kurakurai biyar da ke dawo da mota gareji

Na farko, rashin zuƙe iska. Duk lokacin da aka kwance tiyo, iskar waje da danshinta sun shiga. Ƙa'idar aikin ita ce a haɗa injin zuƙe iska na kimanin rabin awa kafin a zuba gas, sannan a kashe shi a jira a ga ko allurar agogon awo za ta motsa. Idan ta motsa, akwai ɓula. Wasu kan tsallake wannan mataki, su ɗan saki gas ya kori iskar, su ce ya isa. Bai isa ba. Danshin da ya rage yakan daskare a ƙofar bawul ya toshe hanya, kuma idan ya daɗe tare da man kwamfuresa yakan haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki.

Na biyu, zuba gas da ka. Kowace mota tana da takarda manne a ƙarƙashin bonat da ke nuna irin gas da nauyinsa. A ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 400 ne zuwa 700. Hanyar da ta dace ita ce a ɗora tukunyar gas a kan sikeli a zuba daidai adadin. Idan aka zuba ana taɓa tiyo da hannu don jin sanyi, abu ne mai sauƙi a rage ko a zarce. Mutane da yawa na ɗauka yawan gas shi ne yawan sanyi, alhali gas ɗin da ya wuce kima yana ɗaga matsi, ya wahalar da kwamfuresa, har na'urar ta riƙa kashe kanta. A zafin Maraɗi, inda matsin dama yake sama, ɗan ƙari kaɗan kan isa ya jawo haka.

Na uku, canza kwamfuresa shi kaɗai. Idan kwamfuresa ya ci kansa, yakan watsa garin ƙarfe cikin duk hanyoyin gas. Wanda ya ɗaura sabo bai wanke tiyo ba, bai canza kwalbar tacewa da bawul ba, garin ƙarfen nan zai dawo ya kashe sabon. Kwandensar motocin zamani tana da ƙananan hanyoyi da wanki ba ya fitar da dattinsu duka, shi ya sa kamfanonin ƙera kwamfuresa ke cewa a canza ta idan tsohon ya farfashe a ciki.

Na huɗu, mai. Kwamfuresa yana da nasa man, kuma gas ne ke yawo da shi. Tsofaffin motoci masu gas R12 suna amfani da man ma'adini, masu R134a kuma yawanci da wanda ake kira PAG. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda kwamfuresarsu ta lantarki ce, suna da nasu man na musamman da ba ya wuce da wuta. Zuba wanda bai dace ba, ko zuba shi da yawa, yana rage sanyi ko ya lalata kwamfuresa. Man firji ko man inji ba su da wuri a nan.

Na biyar, haɗin kai tsaye. Akwai wani makunni da ke auna matsin gas, ya kashe kwamfuresa idan matsin ya yi ƙasa ko ya yi sama ainun. Idan ya hana na'ura tashi, wasu kan tsallake shi su ja waya kai tsaye. Mota za ta yi sanyi a ranar, amma an cire mata mai gadi. Ranar da gas ya tsiyaye, kwamfuresa zai ci gaba da juyawa babu isasshen mai har ya ƙone.

Kowace alama da abin da take nufi

Kafin mai mota ya koma gareji da faɗa, yana da kyau ya lura da yadda matsalar ke zuwa, domin wannan bayanin rabin bincike ne.

Idan sanyi na raguwa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ɓula ce. A duba mahaɗar tiyo da aka kwance lokacin gyara. Gas yana fita tare da mai, ƙura kuma na manne wa mai, don haka wurin da ya yi baƙi-baƙi da maiƙo shi ne abin zargi. Sau da yawa 'yar robar mahaɗa ce aka mayar da tsohuwa, ko bakin da ake zuba gas ne bai rufe da kyau ba. Ruwan sabulu kan nuna kumfa a wurin.

Idan mota na sanyi a kan hanyar Ɗan Isa amma ta daina a cunkoson babbar kasuwa, a fara da fanka. Lokacin gudu iskar hanya ce ke huce kwandensa, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai. Mai yiwuwa an manta ba a mayar da soket ɗinta ba, ko an juya wayoyinta tana hura iska baya, ko ƙura ta toshe kwandensar. Gas da ya yi yawa ko kwamfuresa da ya gaji su ma suna ba da irin wannan alama.

Idan sanyi ya zo na minti goma sha biyar ko ashirin ya ɗauke, aka kashe na ɗan lokaci ya dawo, danshi ne babban abin zargi: ƙanƙara ce ke toshe bawul, ta narke, ta sake toshewa. Idan kuma ƙarfin iskar ne ke raguwa a hankali, to ebaforeta ce ke yin ƙanƙara, watakila saboda an cire ko an tsallake abin da ke auna sanyinta.

Idan kwamfuresa na kamawa yana saki da sauri, ana jin ƙas-ƙas, gas ne bai kai ba ko matsi ya yi yawa. Agogon awo ne zai raba gardama. Idan ba ya kamawa ko kaɗan, a duba fiyus da rile da soket kafin a yanke masa hukunci. Wasu sababbin motoci kuwa kwamfuresarsu ba ta yin wannan ƙarar ko da lafiyarta ƙalau, don haka shiru ba hujja ba ne.

Idan gefe ɗaya na sanyi ɗayan na ɗumi, ko dai gas ya ragu, ko ƙofar da ke raba iskar zafi da ta sanyi a cikin dashbod ba ta komawa wurinta, abin da kan faru bayan an kwance dashbod. Ruwa a ƙafar fasinja yana nufin tiyon zubar da ruwa ya toshe ko ba a mayar da shi ba. Iska marar ƙarfi mai warin ƙura kuma aikin matatar iskar ciki ce, wadda hazon hunturu ke cikawa.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce allurar zafin inji ta hau da zarar an kunna kilim. A kashe shi nan take. Kwandensa da lagireto iska ɗaya suke sha, kuma kuɗin gyaran injin da ya ƙone ya ninka na kilim.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a sa ɗan ma'aunin zafi a bakin iskar tsakiya, a rufe gilasai, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, a ɗan taka mota na 'yan mintuna a inuwa. Na'ura mai lafiya kan sauko da iskar zuwa wajen digiri 10 ko ƙasa, ko da yake a tsakar ranar Afrilu takan ɗan haura haka.

Wane gas aka zuba?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci ga lafiyar mutanen da ke cikin mota. Tun tsakiyar shekarun 1990 yawancin motoci ke fitowa da R134a, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janye R12 saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa.

Amma ba duk tukunyar da aka rubuta wa R134a ce ke ɗauke da shi ba. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Vietnam da Brazil, mutum uku suka mutu. Bincike ya gano gas na jabu ne da aka gauraya da sinadarin R40, wanda ke cin alminiyon ya haifar da wani abu mai kamawa da wuta idan ya haɗu da iska. Kwamfuresa da kwandensar mota ma da alminiyon ake yin su.

Akwai kuma zuba gas ɗin da ba na mota ba. R22 na kilim ɗin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin robobin mota. R600a na firji da gas ɗin girki suna ba da sanyi, amma suna kamawa da wuta, ga shi ebaforeta a cikin ɗakin fasinja take. Ɓula ɗaya a wurin, tare da tartsatsin waya ko sigari, ta isa. Haka nan neman ɓula da iskar oksijin ta masu walda haɗari ne babba, domin oksijin mai matsi idan ya haɗu da mai yana fashewa. Iskar naitirojin ce aka tanada don wannan gwaji.

Wani sabon al'amari kuma yana shigowa tare da motocin da 'yan uwa ke aikowa daga waje. Tun 1 ga Janairun 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin ƙananan motoci masu R134a, saboda ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Yawancin kamfanoni sun koma R1234yf, kuma da yawa daga motocin Amurka ma sun bi sahu. Wannan gas ya fi tsada nesa ba kusa ba, bakin zuba shi daban ne da gangan, kuma ba a so a gauraya shi da wani. Wanda ya karɓi motar da aka ƙera daga 2017 zuwa yau, ya karanta takardar ƙarƙashin bonat kafin kowa ya taɓa ta.

Shi kansa R134a kwanakinsa ƙidayayyu ne. Gyaran Kigali da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Oktoban 2016, wanda Nijar da Najeriya suka amince da shi, ya tanadi cewa rukunin ƙasashen da suke ciki su tsayar da ƙaruwar amfani da wannan dangin gas daga 2024, su rage kashi 10 cikin 100 a 2029, har a kai kashi 80 a 2045. Idan kaya ya fara ƙaranci, kuɗinsa kan tashi, masu jabu kuma su samu kasuwa.

Ba kullum laifin mai gyara ba ne

Adalci ne a faɗi cewa sau da yawa mai mota ne ke zaɓen gajeriyar hanya. Za a ce masa sai an kwance dashbod an canza ebaforeta, aikin yini guda, ya ce a dai ƙara gas yana sauri. Za a ce kwamfuresa sai da kwalba da bawul, ya ce kuɗinsa na kwamfuresa ne kawai, shi ma na hannu, wanda babu wanda ya san tsawon lokacin da ya yi a buɗe yana shan ƙura da danshi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Kayan aikin ma jari ne. Injin zuƙe iska da sikeli da tukunyar naitirojin ba kowane matashi da ya gama koyon sana'a ke iya mallakarsu ba, injin zuƙe iskar kuma sai da wutar lantarki. Na'urar tantance gas ta fi su tsada, don haka mai gyara na iya sayen tukunyar jabu da zuciya ɗaya.

Muhalli ma yana nasa. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin karkara suna cika kwandensa, tsakuwa na huda ta, ramuka na girgiza mahaɗa har su saki. Motar da ke zirga-zirga tsakanin gonakin noman rani na Jiratawa da kasuwannin birni tana buƙatar a riƙa wanke kwandensarta da ruwa marar ƙarfi, domin ruwa mai matsi na wurin wankin mota yana lanƙwasa siraran fukafukanta.

Abin da za a nema kafin a biya

Ga mai mota, da kuma ɗan da ke Faransa ko Saudiyya ko Amurka yana turo kuɗin gyaran motar mahaifinsa, akwai tambayoyin da ke rage asara. A ina aka samu ɓular, kuma da me aka gano ta? An zuƙe iska, na minti nawa? Giram nawa aka zuba, kuma ya yi daidai da takardar bonat? Wane gas ne, wane mai? An taɓa wata waya ko makunni?

Wanda ke nesa zai iya neman a turo masa hoton takardar da na tukunyar gas da na sikeli ta WhatsApp, a kuma ajiye tsofaffin kayan da aka cire. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Yana da kyau kuma a yi magana tun farko, a gaban shaida ko a rubuce: idan sanyi ya ɗauke cikin mako biyu ko wata ɗaya, wa zai biya gas na biyu? Rigima da yawa daga rashin wannan magana take tasowa.

Mai mota kada ya kwance tiyo da kansa. R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, idan ya fesu a fata yana ƙona ta da sanyi, a ido kuma yana iya makantarwa. Kuma ko kilim na aiki ko ba ya yi, ba a barin yaro a motar da aka ajiye, domin zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10.

Lokacin da ya fi dacewa a duba na'urar shi ne Janairu ko Fabrairu, kafin layi ya yi tsawo a gareji, lokacin da mai gyara ke da sararin ba injin zuƙe iska rabin awarsa. Kunna kilim na 'yan mintuna kowane mako a lokacin sanyi ma yana sa mai ya zagaya, robobi su ƙi bushewa. Wanda ya jira sai Afrilu zai tarar da mota goma a gabansa, kuma a irin wannan gaggawar ce ake tsallake matakan da ke sa gyara ya ɗore.